Musun Shekara Ashirin

A Gagarawa Tasha, motar Gumel ba ta cika ba tukuna. Safinatu na kallon fim a waya, sai ta lura dattijon da ke gefenta yana leƙe.

"'Yata, ba wannan ne wanda ɗan sanda ke farautar mai yanka mutane ba, har ya fara zargin kansa?"

"Shi ne, Baba. Ka san shi?"

"A gidan kallo a Maigatari muka gan shi, ni da aminina Hussaini. Ƙato da shi, amma don tsoro ya cukuikuye min riga har ta yage. Saura ƙiris a gano mai kisan, janareta ya mutu."

"Ba ku koma ba?"

"Ina! Musu muka kama. Ya ce wani likita da ke cikin fim ɗin ne mai kisan, na ce ɗan sandan ne da kansa. Shekara ashirin, duk ranar kasuwa sai mun tayar da maganar. Bara ya rasu."

"Allah ya jiƙan sa." Ta miƙa masa wayar. "Minti biyar ya rage, Baba. Karɓi ka gani."

Ya kau da kai.

"Bar shi, 'yata. In ni ne da gaskiya, wa zan gaya wa?"