Ta'aziyyar Shanyar Shinkafata

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara wa muryarka lafiya. Daga Wurno nake sanar da jama'a rasuwar shinkafata, wadda mota ta bi ta kai ranar kasuwar Goronyo. Ba a zaman makoki.

Masu aikin hanyarmu sun mai da motoci gefe guda, sunka jera durom, sunka bar wani siririn layi fayau, wai na gaggawa ne. Na yi dariya, na ce aljanu ma sun samu titinsu. Ga fili ga rana, sai na shimfiɗa tamfol bisa layin, na baza shanyata a kai. Mai tuta, yaron da ke ba motoci hannu, ya ce, "Baba, kwashe don Allah." Na ce, "Ɗana, mi ka biyowa nan in ba iska ba?"

Bayan azahar sai ihu. Tifa ta ja da baya ta danne ƙafar wani lebura, ashe maƙwabcina Sanda ne. Motoci sun cunkushe, ko babur ba ya ratsawa. Motar kamfani ta ɗauko shi ta biyo layin nan, sai duwatsun da na danne tamfol da su sunka tare ta. Ina ture su, ina ganin jini na ɗiga daga bayan motar. Direba ya daka mani tsawa, "Malam, kauce!" Ya bi ta kan shinkafar.

Sanda na asibiti, an ce ƙafar za ta tsira. Ni dai har yau tuwon shinkafa bai wuce mani ba.

Masu shanya bisa kwalta, ku ji da kyau. A gaishe mani da mai tuta. Ɗana, kai ke da gaskiya, ni na yi wauta.