Sabon Hanci, Mataccen Harsashi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Mai girma shugaban wannan zama, Malik Sarbuland. Dattawan jirga, majalisar garin nan, masu fararen gemu. Liman da ladaninsa. Ustadai, gwanayen maƙeran bindiga na garin Darra, manyanku da ƙananan da ke jin su ma manya ne. Masu sassaƙa ƙota, masu cika harsashi, masu shayin da suka bar tukwane a wuta suka zo kallo. Jama'a baki ɗaya: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Injiniya Dakta Faridun Durrani, babban mai duba makamai, na taso takanas daga Islamabad. Digirorina na bar su a mota saboda nauyi. Ku yi mini uzurin mayafin da na rufe baki da shi da wannan baƙin tabarau; iskar garinku albarushi ce zalla, likitana ya gargaɗe ni.

Ina godiya da kujerar gaba, ina godiya da koren shayi, ina godiya musamman da wannan shirun da kuka yi, wanda na san ba kowa kuke yi wa ba.

Maganata ɗaya ce: bindigar tsohon can da ke zaune a bakin ƙofa, Baba Zarghun, makiyayin da ya gangaro daga saman dutse.

Na farko, ku san abin da ke kansa. Bindigar farauta ce ya gada wurin mahaifinsa, da ita yake cin nama, da ita yake kore kyarketai daga awakinsa. Harsashinta kuwa Turawan da ke yin sa sun daina tun kafin a haifi rabin mutanen da ke nan. Shekara da shekaru yana tsintar kwansonsa bayan kowane harbi, yana kawowa ana sake cika masa, har kwansunan suka gaji suka dinga tsagewa. Bana na ƙarshe ya tsage. Kyarketai ba su yi karatu ba, amma sun gane bindiga ta yi shiru. Ɗansa Niamat, direban babbar mota a Karachi, ya zo ya ƙirga awaki da ido, ya ce:

"Baba, ko dai bindigar nan ta yi magana kafin ƙanƙara ta rufe hanya, ko in sayar da sauran in tafi da kai."

"In yi me a Karachi? In yi kiwon mota?"

"Gadi za ka yi a gareji. Akwai kujera, akwai fanka."

"Fanka! Nan Allah ke hura mini kyauta, kai kana yi mini tallar fanka."

Jama'a, ku yi dariya in kuna so. Motar Niamat tana bakin titi yanzu haka, fuskarta na kallon kudu, hanyar Karachi.

Na biyu, aikin da aka yi. Baba ya kawo bindigarsa wurin Ustad Lalzada, wanda babu hannu irin nasa daga nan har Kohat, ban kuma faɗi haka don yana hararata ba. Bukatar tsohon ita ce a cire tsohon hanci a sa sabo, mai cin harsashin da ake samu a kasuwa yau. Amma da yake tsoho ne mai ƙaunar abinsa, yana miƙa ta sai ya ƙara da cewa: "Ustad, ka mayar mini da ita kamar yadda take."

Kaico! Da ya faɗi wannan a Lahore, da an gane nauyinta yake nufi, da yadda take kwanciya a kafaɗa. Amma a Darra ya faɗa. A Darra, garin masu kwaikwayon bindiga, "kamar yadda take" fassara ɗaya gare ta. Ustad ya rufe shago, ya hana kansa cin tsire da abokai, ya ƙera sabon hanci da ƙarfe mafi kyau da ya ɓoye tun yana saurayi. Ya buga hatimin kambin sarautar Ingila a inda yake. Ya buga lambar. Ya sa 'yar lotsawar nan inda alfadari ya taɓa taka ta. Sannan ya huda makwancin harsashi daidai da na da, bai ƙara gashi ba, bai rage gashi ba.

Ranar karɓa aka kira ɗan 'yar'uwar Ustad, shaƙiyyin nan da ke gwada muku bindigogi a tsakiyar titi yana harbin sama. Ya sa harsashi, ya ƙi shiga.

"Kawu, ba ta ci."

"Kai ne ba ka iya ba ta ba, kurman banza. Sake wani."

"Kawu, na ba ta na Rasha, na ba ta na Sin, na ba ta namu na gida. Azumi take."

Baba Zarghun ya karɓa, ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya ce: "Ustad, ai tsohuwar ce ka dawo mini da ita."

Fuskar Ustad ta cika da haske. Ya ce: "Ka gani? Kai kanka ba ka bambance ba."

Ya ku dattawa, an yi wa bindiga sabon hanci domin harsashin da ya mutu. An ɗinka wa gawa rigar Sallah, ɗinkin kuma babu aibu.

Na uku, kuma a nan ne zuciyata ta karye, al'adarmu. Al'adarku, nake nufi. Maƙeri ba ya ɗora magagari a kan aikin ɗan'uwansa muddin yana numfashi, sai shi ya ce a taɓa, ko jirga ta ce a taɓa. Ustad ya ce babu abin taɓawa: an ce kamar yadda take, ya yi kamar yadda take. Tsohon nan ya bi shago shago da bindiga a rungume kamar mai neman magani wa jariri. Kowa ya ba shi shayi, kowa ya shafa hancin ya ce masha Allah, kowa ya mayar masa. Wani ya ce: "Kaka, bar wannan, ga Kalashnikof." Ya ce: "Ɗana, kyarkeci zan kora, ba Kabul zan ci da yaƙi ba. Idona ya tsufa a kan wannan, ba zai koyi wata ba."

Ku dubi kasuwarku. Shagon da ya yi bindiga jiya, yau cajin waya yake sayarwa. 'Ya'yanku suna Dubai suna ɗaukar siminti. Za ku iya kwaikwayon duk abin da matattu suka ƙera, har da kuskurensu, amma rayayye ɗaya ya zo da bukata ɗaya, an rasa mai biya masa. Aikin da ya rage bai kai yini ba. Ƙarfen yana nan, hannun yana nan, kalma ɗaya ce babu.

Don haka ina roƙo. Ustad Lalzada, ka ce a taɓa. Ba sai ka yi magana ba, gyaɗa kai kawai. Malik Sahib, in shi ya ƙi, ku ce a taɓa. Dattawa, ko mutum ɗaya ya yi tari in ɗauka izini ne.

Ina jira.

Ustad yana kallon farcensa. Malik yana kallon Ustad. Kun ji hon ɗin nan? Niamat ne. Ga Baba ya miƙe, ya jingine bindigar a bango. Baba, ka manta bindigarka. Ya ce bai manta ba.

To, shi ke nan. Allah ya kai shi lafiya, ya sa kujerar gadi ta yi masa laushi. Allah ya ba awakinsa mai saye mai tausayi. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya gafarta wa wannan taro abin da ya faɗa da abin da ya ƙi faɗa, ya raya kasuwarmu in akwai sauran rai a cikinta. Amin.

Saura abu ɗaya. Babu wani Dakta Faridun. Tabarau ɗin na direban motar Peshawar ne, falmaran ɗin nan da ke jikina ta liman ce, yana neman ta tun safe. Ni ne Gulab Sher, kurman banza, mai harbin sama. Ni na rubuta wannan jawabi da rubutun allo, shi kaɗai na iya. Na ɗauka in babban mutum ya faɗa za ku ji.

Kawu, na ga ka cire takalmi. Ka dake ni, na cancanta. Amma ka bari motar ta tashi tukuna, kada Baba ya tafi da wannan ma a idonsa.

Na gode.