Ɗan Hayan Da Ya Zama Ƙanina

Mai girma shugaban wannan zama, Chaudhry Rab Nawaz; dattawan unguwanninmu na Multan; 'yan'uwana masu ƙananan gidajen haya, waɗanda gida ɗaya ko rabin gida ne duk abin da muka mallaka; maza da mata da kuka cika wannan rumfa, assalamu alaikum.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni minti biyar, ina kuma godiya ga wanda ya kawo shayi, ko da yake bai iso layinmu ba. An ce in yi magana kan zama da ɗan haya mai wuyar sha'ani. Ban karanta doka ba, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abu na farko, ku tambayi mutum sana'arsa kafin ku ba shi makulli, ku kuma tambaya da kyau. Shekara shida da suka wuce na ba Khuda Bakhsh ƙasan gidana, ni da matata Sughran muka zauna a bene. Ya ce mini harkar biki yake yi, na ɗauka girki ne. Ashe shugaban makaɗa ne, da masu busa bakwai da masu ganga biyu, kuma a tsakar gidana suke gwaji. Na haƙura, na ci gaba da haƙuri, har gwiwoyin Sughran suka ƙi. Matakalarmu hawa ashirin da biyu ce. Wata takwas matata ba ta taka ƙasa ba. Biki ya wuce ta, rasuwa ta wuce ta, duniyarta ta koma taga ɗaya. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, na ƙudura sai na karɓi ƙasan gidana.

Abu na biyu, abin da kuka ƙudura kada wanzami ya ji. Na faɗa wa nawa ranar Talata, ashe labari ya isa kunnen ɗan hayana. Ranar Juma'a, a bikin ɗan ƙanwata, gaban mutum ɗari uku, Khuda Bakhsh ya cire rawanina ya sa a kansa, ya ɗora mini nasa. Kun san hukuncin wannan a wurinmu: mun zama ciki ɗaya ke nan, kuma wanda ya ƙi ya ci mutuncin mutum a bainar jama'a. Ya rungume ni ya ce, "Yaya, daga yau gidana gidanka ne."

Na ce, "Ai dama nawa ne." Ba wanda ya ji, mutanensa sun riga sun fara busa.

Na kai kuka wurin dattawa. Suka ce ɗan haya kotu tana fitar da shi, amma wanda ya kori ƙaninsa, ya nemi masu ɗaukar gawarsa a wata unguwa.

Abu na uku, kuma shi ne babba, kafin ku je wurin lauya ku fara zuwa wurin matanku. Sughran ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ƙaninka ne yanzu? To kira mini shi."

Ya hawo yana murmushi. Ta ce, "Khuda Bakhsh, matar yaya uwa ce, ko a garinku ba haka ba ne?"

Ya ce, "Haka ne, uwata."

"To uwarka tana son ɗakin ƙasa, ƙafafunta sun gaji. Kai da sauran ƙarfinka, ka dawo nan sama ka sha iska. Aiko mini ƙattan nan naka su sauko da ni."

Ya juyo ya dube ni. Na ce, "Ƙanina, ni ba na shiga tsakanin ɗa da uwa."

Kafin la'asar kayansa sun hau, namu sun sauka, mutum huɗu suka sauko da ita a kan kujera. Ba ta ko leƙa ɗakin ba. Ta dafa bango ta taka da ƙafarta har bakin ƙofa, ta tsayar da mai tura baron albasa, ta yi rabin sa'a tana ciniki da shi tana kushe masa kaya. Ba ta sayi ko ɗaya ba. Ni kuwa, jama'a, ina tsaye bayanta ina share ido da rawanin da ba nawa ba.

Allah ya ba mu 'yan haya masu sana'ar shiru. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya albarkaci wannan taro, ya mai da kowa gidansa lafiya, kowa kuma ya tarar da gidan yana nan nasa.

Na gode.