Na Ce wa Likita Da Sauƙi

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hajiya Rabi, 'yar Kano, mai sarin wandunan jins a nan Guangzhou.

Watannin baya a Xintang, garin da nake sarin kaya, dilar kaya ta zamo daga kan mota ta danne min ƙafa. Mai shagon ya kai ni wani asibiti. Likita ya matsa wurin, ya tambaya ta bakin tafinta ko da zafi. Wallahi kamar raina zai fita, amma na cije na ce da sauƙi, alhamdulillahi. Haka muka taso, babbar mace ba ta raki a gaban maza. Shi ke nan, ko hoton ƙashi bai ɗauka ba, ya ba ni man shafawa ya sallame ni.

Ashe karaya ce. Ƙashin ya haɗe a karkace, yanzu a zaune nake salla.

Da na koma, asibitin suka ce ai da bakina na ce lafiya lau nake. Lauyata ta ce ko me na faɗa, aikin likita ne ya bincika ƙafar da ta kumbura haka. 'Yan'uwa a masaukinmu na Sanyuanli sai cewa suke, "Hajiya, ki bar wa Allah, nan ba garinmu ba ne." Na yarda da ƙaddara, amma na shigar da ƙara, kuma ba zan janye ba.

Duk wanda ya taɓa irin wannan shari'a a China, don Allah ya ba ni shawara. Ina gaida abokan sana'ata na gida. A gaban likita na daure. A gaban alƙali kuwa, sai na faɗi inda ke yi min ciwo.