Ƙofar da Aka Faɗaɗa wa Beyar

A ɗakin jiran likitan ido, talabijin na nuna wani fim na yara, labarin dabbar beyar da wasu iyali suka ɗauka riƙo. Wani dattijo ya juya wurin matar da ke zaune kusa da shi.

"Baiwar Allah, dubi ɓarna! Sun fasa ƙofa mai kyau don ƙaton nan ya samu shiga. Ni kafinta ne, abin har cikin raina."

"To Baba, a waje zai kwana?"

"Ya koma dajinsu mana. Kowa ya zauna inda ya saba. Ni ma da kike ganina a gidan 'yata nake, amma tun ranar da na sauka na ce musu wata biyu zan yi."

"Yaushe ka zo?"

"Shekara huɗu ke nan."

"Ikon Allah! Ba su gaji da kai ba?"

"Ina fa! Surukina har dakalin ƙofa ya sa aka rage saboda gwiwata. Aikin banza aka yi masa, sai da na sake da hannuna. Jikokin kuwa ba sa taɓa abinci sai na zauna a kujerata."

"Har da kujerarka?"

"Ta bakin taga. Ni na ƙera abata."

Matar ta ƙunshe dariya. Aka kira lambarsa, ya miƙe yana waiwayen talabijin.

"'Yar nan, ki kallar mini ƙarshen. In sun mayar da shi daji, kada ki gaya mini."