Ribas a Gangaren Bayfield

Ina zaune kusa da gangaren da ake saukar da jirage cikin tafki a Bayfield, na ji wata dattijuwa da wani mutum suna cinikin ƙaramin jirginta mai filafilai da ke kan ƴar tirelar da motarta ke ja.

"Dala dubu uku? Baiwar Allah, arahar ta yi yawa. Yoyo yake yi?"

"Ko ɗigo. Shekara ashirin ina tuƙa shi."

"To me ya yi zafi?"

"Ruwa na iya, ribas ne ya gagare ni. Marigayi maigidana ke saukar da tirelar. Watan jiya na gwada da kaina, sau tara tana karkacewa, masunta sun yi layi suna dariya. Wani mai jar mota ya dinga danna min hon, wai in koma gida in yi saƙa."

"Ai bai kai tara ba, bakwai ne."

"Ya aka yi ka sani?"

Ya sunkuyar da kai.

"Bawan Allah, ina motarka?"

"Tana can bayan bishiyoyi."

"Wato ka kore ni, sannan ka dawo cin araha?"

"Wallahi tun ranar abin yana cina. Kawo makullin in saukar miki."

"A'a. Na fasa sayarwa. Je ka tsaya inda zan gan ka ta madubi. Ko sau ashirin ne, ka yi min nuni da hannu in yi ribas, bakinka a rufe."