Lambar da na gani a bayan kusine

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Mai girma shugaban wannan zama, Malam Haruna. Limaminmu na Yantala, Allah ya ƙara lafiya. Iyayenmu manyan gwanayen garaji. Masu motoci da direbobinsu. Ku da kuka ƙetaro kogi daga Harobanda tun da hantsi. Ƴan'uwana mata da ke zaune can bayan rumfa. Jama'a manya da ƙanana, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga ƙungiyar makanikai da ta ga ya dace, a ranar buɗe wannan rumfa tata, a ba masu sayar da kayan mota bakin magana, ina kuma godiya da kuka yarda bakin ya zama nawa. Muryata ba ta da nisa, sai ku taimake ni da shiru. Ga wanda bai san ni ba, ni ce Hamsatu, matar marigayi Isaka, kuma shekara shida ke nan ina zaune a kantin da ya bari. Ban shiga lakkol ba, wato makarantar boko. Allo na yi a Maraɗi, lambobin Nasara kuwa maigidana ne ya koya mini su a jikin kwalayen kaya, har na iya.

Magana ta farko, gwanaye su gafarce ni, domin baƙi zan yi ta. A cikin injin mota akwai wani ƙarfe mai gwiwoyi da ke juyawa, shi ake kira bilbirke. Yana kwance ne a kan wasu ƴan ƙarafa masu laushi, kowanne kamar rabin awarwaro, su ne kusine. Tsakanin ƙarfen da kusinensa akwai tazara wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma a cikinta mai yake zama. In ta matse, mai ba ya samun wurin shiga, ƙarfe ya ci ƙarfe. In ta yi faɗi, mai ya zurare, inji ya fara ƙwanƙwasa, daga nan sai ya tsaya. Idan bilbirke ya tsufa akan kai shi a fere, kuma duk fira ɗaya yana ramewa, sai a nemo masa kusine mai ƙarin kauri: firar farko na ashirin da biyar, ta biyu na hamsin, ta uku na saba'in da biyar. Lambar tana buge a bayan kowane kusine. Ido ba ya raba su, farce ba ya raba su. Abin awo da ake ce wa palmer ne kaɗai ke raba su.

Magana ta biyu ita ce ta kawo ni, kuma ta fi nauyi a bakina.

Shekara huɗu ke nan da ƙasa ta dawo hannunmu, garajojin da Nasara suka bari ma suna dawowa hannunmu. Mun gaji aikin, amma mun shigo da wata al'ada tamu a ciki: ba a tambayar babba ko ya auna. In gwani ya shafa ƙarfe da ɗan yatsa ya faɗi lamba, magana ta ƙare, wanda ya ce a sake dubawa ya yi rashin kunya. Ni ma a cikin wannan tarbiyya na tashi, ban kuwa zo in zage ta ba. Na zo in faɗa muku abin da ta sa na aikata.

Wata uku da suka wuce, Baba Tanimu, wanda ga shi nan zaune a sahun gaba, ya shigo kantina. Shi ya koya wa maigidana riƙon sifana, shi ya tsaya mana ranar da aka yi masa sutura. Yana sake haɗa injin babbar motar Alhaji Yakuba, mai zuwa Damagaram. Ya ajiye tsohon kusine a kan tebur domin in ga irinsa, ya ce, "Ƴata, ba ni na ashirin da biyar. Wannan injin na san shi kamar ɗan da na yi wa suna, sau ɗaya na kai shi fira."

Na juya tsohon kusinen a hannuna, sai na ga hamsin a bayansa. Na gani sarai, jama'a, ba duhu, ba tsatsa. Na ce, "Baba, na ashirin da biyar ka ce?" Ya yi dariya ya ce, "Kunnen ne ya fara tsufa tun kafin nawa?" Na ce a raina, wace ce ni da zan gyara wa malamin mijina lamba? Na ɗauko abin da ya tambaya, na naɗe masa, har na raka shi bakin ƙofa.

Abin da Baba bai sani ba, an taɓa sake fere ƙarfen nan a Damagaram, wata shekara da motar ta lalace a can. Shi ya tuna gaskiyarsa, amma ƙarfen ya riga ya wuce inda ya bar shi.

Motar ta tashi, ta wuce Dosso lafiya, kafin Dogon Dutsi ta tsaya cak da lodi da mutane a kanta. Direbanta Sumana ne, ɗan Harobanda, shekara tara yana riƙe da ita. An ba ni labarin abin da aka yi a tasha da aka jawo ta. Alhaji ya ce masa, "Man ka sha ne, ko ka sayar?" Sumana ya ce, "Alhaji, na duba a Dosso, sandar awon mai ta nuna cike." Alhaji ya ce, "Injin da Tanimu ya haɗa ba ya bugawa da mai a ciki. Kawo makulli." Daga ranar ƴan tasha suka raɗa masa Sumana Ba-Mai, kuma babu mai mota a Yamai da ya sake miƙa masa makulli. Yau dako yake yi a bakin jirgin fito, mutum mai iyali bakwai.

Alhaji Yakuba, Allah ya ba ka haƙuri, ban ɗora maka laifi ba. Ka yi hukunci da abin da ka sani. Ni ce na san abin da ba ka sani ba, na yi shiru wata uku, ina sallah ina jin tsohon kusinen nan a ƙasan teburina kamar yana kallona. Tun muna ƙanana malaminmu ya tsoratar da mu a kan ɓoye shaida, ya kuma ce mai awo zai tsaya a kan awonsa. Ni ina tsammanin mudun hatsi ake nufi.

Ran Larabar da ta wuce na ɗauki kusinen na tafi gidan Baba Tanimu, na durƙusa, na nuna masa lambar. Ya daɗe yana juya shi. Sannan ya sa aka aro palmer, muka je inda injin yake, aka auna gwiwoyin da ba su ƙone ba. Hamsin ne, dukansu. Ya zauna a kan taya ya ce, "Kin gani, kika naɗe mini?" Na ce, "Kunya ce, Baba." Ya ce, "Kunyarki ta fi guduma ɓarna. Da kin zage ni ranar, da yau ina sa miki albarka." Na nemi izninsa in faɗi wannan a gabanku, ya ce, "Faɗi duka, kada ki rage mini komai. Sai dai ki ƙara da cewa tsohon har yanzu ya fi su iya ɗaure ƙusa." To, Baba, ga shi na ƙara.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya ta ajiye palmer a wannan rumfa, wanda kowa zai iya ɗauka. A auna kowace gwiwa, a auna ta ta fuska fiye da ɗaya, a auna kafin fira, a sake aunawa bayanta, domin ko lambar tsohon kusine shaida ce kawai ta jiya. A bar ƙarami ya ce wa babba "mu auna", a ɗauka ladabi ne. Ni kuwa daga yau, wanda ya zo kantina da lamba a ka zai sha ruwa mu gaisa, amma kusine sai da awo. Na san wasu za su koma wani kantin. Allah ya ba su sa'a a can.

Magana ta ƙarshe taka ce, Alhaji. Sumana bai sha mai ba, bai sayar ba, bai yi sakaci ba. Ga shi can tsaye a bakin darni, na aika masa ya shigo ya ce ba zai zauna cikin direbobi da wannan suna ba. Baba Tanimu ya ce in shaida maka zai sake haɗa injin da hannunsa, ni kuma zan ba da kusine na daidai. Sharaɗinmu ɗaya ne, mu biyu: ranar da za a tada shi, Sumana ne zai murɗa makulli. Sunansa a bainar jama'a aka ɓata shi, shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a.

Allah ya yafe mini shirun da na yi. Allah ya ƙara wa gwanayenmu lafiyar ido da ta hannu, ya ba ƙananan cikinmu ladabin faɗin gaskiya, ya ba manyanmu haƙurin jin ta. Allah ya tsare direbobinmu a hanya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa albarka a wannan rumfa. Masu ƙetare kogi, Allah ya sauke ku lafiya.

Na gode.